Yadda Ake Mayar da Tsohuwar Tirelar Soja Ta Zama Ta Fita Kashta

Da zarar watan Nuwamba ya kama, iska ta fara sanyi, sai tambayoyi su yi ta zuwa daga 'yan'uwa na Jidda da Makka da Riyad. Wani ya ga tsohuwar ƙaramar tirelar soja a tashlih, wato wurin sayar da matattun motoci da kayansu, wani kuma an yi masa tayinta a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, kowa yana son sanin ko za ta gyaru ta ɗauki tanti da ruwa da kayan girki a fita kashta, wato shaƙatawa da kwana a barr (dajin hamada), da iyali. Za ta gyaru, kuma idan an yi aikin yadda ya kamata za ta fi yawancin waɗanda ake haɗawa a sina'iyya, unguwar makanikai da masu walda, ƙarko. Sharaɗin shi ne a bi matakan a jere. Mutane da yawa suna farawa da sayen tantin sama, wanda ake ɗorawa a kan tirela, da firji, kuɗi su ƙare, a bar taya da birki da ƙugiya yadda aka same su. Ni a wurina takarda ce farko, sai ƙasan tirela, sai abin da ke haɗa ta da mota. Kayan jin daɗi su ne na ƙarshe.

1. Takardu kafin ciniki

Kada ka biya ko riyal ɗaya sai ka ga takardar da ke nuna yadda tirelar ta fita daga hannun hukuma ta shigo hannun mai sayarwa: rasiɗin gwanjo ko takardar kwastan idan daga waje aka shigo da ita. Duba ƙaramin farantin ƙarfe da ke liƙe a gaban bodi ko a wuyanta, wanda ke ɗauke da samfuri da lamba da nauyi. Ɗauki hotonsa, ka je Murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, da shi ka tambayi abin da ake buƙata kafin ka ja ta a kan titi da sunanka. Ka sa mai sayarwa ya rubuta maka takardar ciniki mai lambar tirelar da lambar shaidarsa.

Gargaɗi, musamman ga mai zama da iƙama, takardar izinin zama ta baƙi: kayan da ke da alaƙa da soja ba abin wasa ba ne a nan. Tirelar da ba ta da asali, ko wadda aka kankare lambarta, ka bar ta ko da kyauta aka ba ka. Ranar da za ka ɗauko ta ma ka sa a ɗora ta a saɗaha, motar ɗaukar motoci, kada ka ja ta da launin soja da fitilun da ba sa kamawa.

2. Zaɓen wadda motarka za ta iya ja

A Haraj ka nema da sunan araba ko maƙɗura, sunayen tirela da Larabci. Waɗanda aka fi cin karo da su iri kaɗan ne.

M416 ƙarama ce, ta sojan Amurka ta zamanin jif, nauyinta babu kaya kusan kilo 300, an yi ta don ɗaukar rubu'in tan. Ita ce ta fi dacewa da rairayi. Aibinta ba ta da ƙofar baya, kuma ba ta da birki sai na ajiya. M101 ta fi ta girma, ta kai kilo 600 babu komai a ciki, tana ɗaukar kusan kilo 680. Nau'in A1 ba shi da birkin tafiya, A2 da A3 suna da shi. M1101 da M1102 su ne na bayan Humvee, motar sojan Amurka: bodin alminiyam, ba ya tsatsa, amma suna da faɗi sosai da manyan tayoyi. Akwai kuma Sankey ta Ingila da ake ja da Land Rover, wadda girmanta ya yi daidai da motocinmu.

Wadda zan hana ka ita ce M105. Ta wuce tan ɗaya babu kaya, birkinta da iska yake aiki daga babbar mota. Tana da araha saboda ba mai so, kuma Land Cruiser ba za ta ji daɗinta ba ko a kan kwalta.

Buɗe littafin motarka ka ga nauyin da aka yarda ta ja. Motoci da yawa kilo 750 ne iyakarsu idan tirela ba ta da birki. Wannan lissafin titi ne. A rairayi, shawarata kada tirela da kayanta duka su wuce kilo 1,000 a bayan Land Cruiser ko Patrol ko Shas (Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya), idan kuma Prado ce ko Hilux, ka tsaya ƙasa da 750.

3. Dubawa a wurin mai sayarwa

Tafi da tocila, ƙaramar guduma, jak, da tef ɗin awo. Shiga ƙarƙashi ka bubbuga casis daga wuya har baya. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji ɗif, ɓawo yana zubowa. Ka fi mai da hankali inda wuya ya haɗu da casis, da wuraren da aka rataye sifirin. Tirelar da ta daɗe a Jidda ko Dammam ta sha iskar teku, ta fi wadda ta zauna a Najdu lalacewa ko da fentinsu iri ɗaya ne. Ramin da ke ƙasan bodi ba komai ba ne, mai walda zai toshe. Tsagewa a casis ko wuya da ya karkace, wannan kam ka haƙura.

Auna daga tsakiyar zoben ja da ke bakin wuyanta zuwa kowane ƙarshen aksul. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, ta taɓa yin haɗari, kuma za ta riƙa cin taya tana tafiya a karkace.

4. Kwancewa, kankara, fenti

Cire duk abin da ke ciruwa: bakunan tamfol, katakan gefe, tsofaffin fitilu da wayoyi. Zuba notinan kowane sashe a leda daban ka rubuta sunansa. Yawancin notinan tirelolin Amurka na inci ne, sifanun milimita za su cinye musu kai, don haka ka nemi saitin inci tun farko.

Gargaɗi: fentin soja na zamani, wanda ake kira CARC, ƙurarsa da hayaƙinsa guba ne ga huhu, tsohon fenti kuma sau da yawa akwai darma a ciki. Kada ka gurje shi da giranda a harabar gida inda yara ke wasa, kada kuma a yi walda a kansa sai an kankare wurin tas. Kai ta wurin masu feshin yashi a sina'iyya. Idan dole kai za ka taɓa wani wuri, sa takunkumi mai matata, ka riƙa jiƙa wurin.

Bayan feshi a sa fentin farko mai hana tsatsa a ranar, kada ƙarfe ya kwana tsirara. Fenti na ƙarshe ka dakata da shi sai an gama duk walda a mataki na 8. Launi kuwa fari ko ruwan madara. Yana rage zafi a cikin akwati, kuma ba wanda zai tsayar da kai a shingen bincike yana tambayar daga ina wannan ta fito. Duk wata lamba ko tambarin soja a goge, farantin samfuri kaɗai za a bari.

5. Aksul, boris da taya

Nan ne ya kamata rabin hankalinka da kaso mafi tsoka na kuɗin farko su tafi, domin abin da ke tsayar da tirela a daji kusan kullum a nan yake.

Ɗaga ƙafa ɗaya da jak, ka tokare casis da ƙarfen tsayawa. Kama tayar sama da ƙasa da hannu biyu ka girgiza. Idan ka ji ƙwas-ƙwas, boris ya saki. Juya ta ka saurara: gurnani ko ƙarar yashi na nufin ya mutu. Cire murfin tsakiya, zare ƙaramin filin da ya riƙe babban noti, ka fito da boris ɗin waje da na ciki. Giris ɗin da ya shekara a ajiye za ka same shi baƙi ƙirin ya bushe, wani lokaci da ɗan jan tsatsa a jiki. Wanke da kananzir, ka duba lambar da ke gefen kowane boris, ka sayi sababbi da wannan lambar, har da robar da ke tare giris a baya. Sayi saiti uku, ɗaya ya zauna a akwatin tafiya. Boris ba wurin neman rangwame ba ne, araha ba ta ado.

Wajen mayarwa, cusa giris da tafin hannu har ya fito ta ɗaya gefen. Ɗaure notin kana juya tayar har ya zauna, sannan ka sassauta shi kaɗan har ramin fil ya daidaita, ka sa sabon fil. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗaure shi tam kamar notin wili. Haka ne ke sa boris ya yi zafi ya ƙone kafin a kai Usfan.

Sai batun taya. Kyakkyawar tsohuwar tayar soja mai zanen da bai goge ba tana ruɗin mutane. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2312, mako na 23 ne na shekarar 2012. Tayar da ta haura shekara shida ba ta da abin yi a kan hanyar Madina da rana tsaka.

Abin da na fi so shi ne tirela ta yi amfani da wili da taya iri ɗaya da na motar da ke janta, ta yadda safaya ɗaya za ta yi wa duka biyun aiki. Patrol, Prado, Hilux da Land Cruiser 300 noti shida ne, 6x139.7. Land Cruiser 100 da 200 da Shas na bayan nan noti biyar ne, 5x150. M416 noti biyar ne amma tazararsa daban, M101A2 da M1101 kuma noti takwas. Hanya mafi tsabta ita ce a sauya aksul gaba ɗaya, a sa sabo mai ɗaukar kilo 1,600 mai kan da ya dace da wilinka, da birkin lantarki a jiki. Faifan da ake ƙarawa tsakanin wili da aksul don sauya tsarin noti ba na ba da shawararsa a hanya mai gargada.

Idan za a yanka maka sabon aksul, auna faɗin ƙafafun motarka daga tsakiyar taya zuwa tsakiyar taya, a yi na tirela daidai da haka. A rairayi mota tana danne hanya, tirelar da ke bin sawunta ba ta da nauyin ja. Wadda ta fi mota faɗi ko ƙunci kuwa sabuwar hanya take yanka wa kanta, injin ne zai biya. Wannan shi ne babban aibin M1101 a bayan ƙaramar mota.

Gargaɗi: wilin Humvee gida biyu ne da aka haɗa da notina, tayarsa ta inci 16.5 wuyar samu take, kuma ɗaya da robar cikinta ta kusa kilo 70. Kada a taɓa notinan da suka haɗa wilin sai an sace iska gaba ɗaya. Haka tsohon wili mai zoben ƙarfe a baki, ya kashe masu faci da yawa a duniya. Kai wa wanda ya san shi, ko ka yar.

Sifirin soja an yi shi don kaya masu nauyi. Tirela marar kaya sosai za ta yi ta tsalle, ƙwai da kofunan shayi su farfashe. Bakanike zai iya zare ganye ɗaya ko biyu ya sa sabon shakazoba, amma sai bayan ka san nauyinka na ƙarshe.

6. Ƙugiya, sarƙa da birki

Tirelar soja zobe ne a wuyanta, ba ta shiga ƙwallon da ke bayan motocin gida. Kana da zaɓi biyu. Ka sa wa motarka ƙugiya mai murfi da fil, ka bar zoben: yana da ƙarfi, yana lanƙwasa sosai a hawa da gangara, sai dai yana ƙara yana fizga duk lokacin da ka taka birki. Ko ka cire zoben a sa mahaɗi mai juyawa ta kowace fuska, wanda ba ya ƙara amma ya fi tsada. Ƙwallo na yau da kullum shi ne ba na so, yana kai iyakarsa a gangara mai tsanani.

Idan an haɗa, tirela ta tsaya a miƙe, ko gabanta ya ɗan sunkuya kaɗan. Manyan tirelolin soja wuyansu ya fi bayan motocinmu tsawo daga ƙasa, sai a nemi ƙugiya mai hawa-hawa. Wuyan M416 gajere ne, ƙofar bayan mota ba za ta buɗu ba, ribas kuma wahala. Ana ƙara masa kamar rabin mita da ƙarfe mai kauri da ya shige ƙarƙashin casis, ba a liƙa a baki kawai ba. Wannan walda ce da rayuka suka rataya a kanta, ka nemi gwani ka biya shi haƙƙinsa.

Sarƙa biyu, a gicciye ƙarƙashin wuya, a maƙale a jikin casis na mota.

Tirelolin da suka zo da birkin mai, wanda ke kamawa da kansa idan tirela ta turo mota, akwai abu biyu da za ka sani. Na farko, sojan Amurka man birki DOT 5 suke sawa, na silikon, galibi ruwan shunayya ne, ba ya gauraya da DOT 3 ko DOT 4 da ke shagunanmu. Ko ka ci gaba da irinsa, ko a wanke layin duka a sauya robobi. Na biyu, irin wannan birkin kan kama lokacin da kake ribas a hawa ko a rairayi. Gwada shi tun a gida, ka san inda filin kulle shi yake. Idan birkin lantarki ka sa, sai an ɗaura na'urar sarrafa shi a cikin mota kusa da direba. Birkin hannu na soja kuwa ka gyara shi ka riƙe, yana da amfani a duk inda ka sauke tirela.

7. Fitilu

Wutar soja bolt 24 ce, ta motarka 12. Shi ya sa idan ka haɗa za ka ga fitilun sun yi ja-ja kamar za su mutu. Kada ka ɓata lokaci da tsofaffin wayoyi, robarsu ta bushe. Zare su duka har da babban soket ɗin soja, ka ja sabuwar waya mai jijiya bakwai a cikin bututun roba, ka sa fitilun LED na birki da sigina da lamba, da abin ƙyalli a baya da gefe. Ja wayar as (negatif) ta musamman daga kowace fitila zuwa soket, kada ka dogara da jikin ƙarfe. Yawancin fitilar da ke wasa a hanya daga nan matsalarta take.

8. Murfi, firam da rabon nauyi

Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, jera duk kayan da kake fita da su a tsakar gida ka auna su a sikeli: tanti, darduma, kujeru, babbar tukunyar kabsa, ragar gashin sire, jarkoki, kayan yara. Rubuta jimla. Yawanci sai mutum ya ga ya wuce abin da ya zata nesa.

Murfi a yi shi da alminiyam ko siririn ƙarfe, da robar ƙofa a kewaye da makullai masu matsewa. Ƙurar barr tana shiga ta ramin da ba ka gani, don haka toshe ramukan zubar ruwa na ƙasan bodi da toshiyar roba wadda za ka iya cirewa ranar wanki. Masu walda a sina'iyya suna son ƙarfe mai kauri domin a ganinsu shi ne inganci. Ka tsaya a kansu. Bututu mai kusurwa huɗu na milimita 40, kaurin milimita 2, ya isa firam ɗin tanti. A ɗaure firam da noti a jikin casis ko kusurwoyin bodi, kada a liƙa shi a siririn gefe.

Tantin sama yana kai kilo 50 zuwa 80, kuma duk yadda ka ɗaga shi haka tirela ke ƙara saurin kifewa a gefen tudu. Lokacin tafiya ya zauna ƙasa-ƙasa, kada ya wuce tsayin rufin mota. Ga mai iyali babba ma ina ganin tantin ƙasa ya fi, tsofaffi da ƙananan yara ba sa son tsani da dare. Abin da ba zan bari ba shi ne rumfar gefe mai labule, da ƙaramin tantin bayan gida da wanka. Idan mata ba su sami sutura da sakewa ba, fita ta biyu kai kaɗai za ka yi.

Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, a kan aksul ko ɗan gabansa. Nauyin da ke sauka a kan ƙugiya ya zama kamar kashi 10 cikin ɗari na nauyin tirela duka. Auna shi ba wuya: aje sikelin banɗaki a ƙasa mai daidai, ɗora guntun katako a tsaye wanda tsayinsa ya kai na ƙugiyar motarka, ka sauke wuyan a kai a hankali. Tirela mai kilo 800 ta nuna kusan 80. Idan ta nuna 30, kayanka sun yi baya, kuma za ta yi ta wutsil-wutsil da kai a kan babban titi. Wannan ya fi komai haɗari. Safaya da jarkoki a rataye a bayan tirela su ne ke jawo shi.

9. Ruwa da gas

Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Lissafa lita 10 ga kowane mutum a rana, sha da girki da alwala da ɗan wanke-wanke. Mutum shida kwana uku lita 180 ke nan. Kada ka zuba duka a tanki ɗaya. Sa tankin roba na ruwan sha mai lita 80 zuwa 100 a ƙasa kusa da aksul, da farantin ƙarfe a ƙarƙashinsa saboda duwatsu, sauran a jarkoki masu lita 20, wasu a cikin mota. Idan tanki ya huje ba ka rasa komai da komai ba. Ka tuna idan ruwa ya ragu nauyi yana sauya wuri, shi ya sa tanki ba ya zama can gaba ko can baya. Ƙaramin famfo na bolt 12 ya isa, amma a sa kan famfo na ƙasa wanda ruwa zai zubo da kansa ko babu wuta.

Tukunyar gas a tsaye, a ɗaure da maɗauri biyu, a waje ko a akwati mai ramuka a ƙasa, domin gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake taruwa. Kada ta haɗa akwati da batir. Jarkar fetur ta zauna ɗaya gefen, nesa da murhu. Abin kashe gobara a maƙale inda hannu zai kai ba tare da buɗe murfi ba.

Gargaɗi: gawayi ko hita mai gas a cikin rufaffen tanti yana kisa cikin barci, Difa'ul Madani, hukumar kashe gobara da ceto, na nanata wannan duk hunturu. Itace kuma ka saya wanda aka shigo da shi daga waje, ka riƙe rasiɗi. Ɗaukar itacen gida irin su samur da gada laifi ne, tararsa tana kai riyal 16,000 a kan kowace kubik mita ɗaya.

10. Batir da sola

Firji mai lita 40 zuwa 50 kan sha tsakanin 30Ah zuwa 50Ah na cajin batir a yini, gwargwadon zafi da yawan buɗewa. Batir mai 100Ah da farantin sola mai wat 150 zuwa 200 sun ishi firji da fitilu da cajin wayoyi. Na lithiyam ya fi sauƙin nauyi da kusan rabi, amma ba ya son zafi, don haka akwatinsa ya sami inuwa da iska. Idan kana son mota ta riƙa caja shi a tafiya, sa caja ta DC-DC, mai caja batir daga wutar mota, a tirela, ka ja waya mai kauri, 16mm², da soket ɗin Anderson daban da na fitilu. Fiyus a kusa da kowane batir, na mota da na tirela. Waya mai kauri marar fiyus da ta goga da casis gobara ce.

11. Kuɗin da za ka ware

Ban da kuɗin tirelar kanta, wanda ciniki ne tsakaninka da mai ita, ga kasafin da nake ba mutane su fara da shi, da riyal. Feshin yashi da fenti, 1,500 zuwa 2,500. Sabon aksul mai birki da na'urarsa, 2,000 zuwa 3,500. Taya uku da wili, 2,000 zuwa 3,000, ƙasa da haka idan ka sami wili a tashlih. Ƙugiya da sarƙa da fitilu, kamar 1,000. Murfi da firam, 2,500 zuwa 4,000. Batir da sola da caja, 2,500 zuwa 4,000. Tanti da firji su ne ba su da iyaka. Tambayi kowane shago ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15, ka kuma ajiye wani abu a gefe don abin da zai ɓullo bayan an kankare fenti.

Idan aljihu bai kai ba, tsaya a mataki na 7. Tirela mai lafiyayyar ƙafa da tamfol a sama da jarkoki a ciki ta isa kashta ta bana. Sauran a yi baɗi.

12. Gwaji kafin a ɗauki iyali

Loda ta da cikakken kaya da ruwa, ka kai ta sikelin manyan motoci ka san ainihin nauyinta. Fara da kwalta, kilomita 20 zuwa 30, ka tsaya ka taɓa tsakiyar kowace ƙafa. Ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba zai jure ba na nufin a koma kan boris ko birki. Bayan kilomita 50 sake ɗaure notinan wili da na sifirin. Kada ka wuce 90 a kan titi. Idan ta fara kaɗawa, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka danna birkin mota da ƙarfi.

Sannan a shiga ƙasa kusa da gari, wajen Usfan ga mutanen Jidda da Makka, Sumama ga na Riyad, da mota ta biyu tare da kai. A rairayi rage iskar tayoyin mota zuwa PSI 15 ko 18, ka rage ta tirela ita ma. Mutane suna mantawa da ita, sai ta nutse ta riƙe mota. Kwamfuresa da geji su kasance a hannu don mayar da iska kafin a hau kwalta. Tudu a hau shi a miƙe a sauka a miƙe, ba a yanka shi ta gefe da tirela. Idan ka kafe, daina ba da wuta. Sa faffaɗan katako ƙarƙashin ƙafar da ke tokare wuyan tirela, ja birkin hannunta, kwance tirela, fitar da mota zuwa ƙasa mai tauri, sannan ka jawo tirelar da igiya.

Wurin sauka kuma, kada ka yada zango a cikin wadi, wato busasshen kwari, ko da sama tas take. Ruwan da aka yi a kan duwatsu nesa yana isowa ba sallama, wanda ya ga ambaliyar Jidda ta 2009 ya san ƙarfinsa. Rauda da fayda, wato fadamun hamada masu ciyayi, da aka kare ba a shiga da mota, tarar tana kai riyal 2,000, wuraren da ke ƙarƙashin gandun sarauta kuma suna da nasu ƙa'idojin izini, a duba kafin a tashi. Lambar gaggawa 911 ce a yankunan Makka da Madina da Riyad da Sharƙiyya (yankin gabas). Tura wa wani na gida wurin da kuka nufa da ranar dawowa tun kuna inda akwai sabis.

Da kun dawo, wanke ƙasan tirela, zubar da ragowar ruwan tanki ka bar murfinsa a buɗe ya bushe, cire batir ka shigar da shi ɗaki, ka rufe tayoyin daga rana. Boris a sake masa giris a farkon kowane hunturu, ko nan take idan tirelar ta ratsa ruwa har ya rufe tsakiyar ƙafa.